Gadin Adaidaita Ranar Juma'a

Duk wanda ya ce Lahadi ranar hutu ce, bai taɓa zama mace a zumuntar matan cocinmu ba. Ni dai tun da aure ya kawo ni Gyaɗi-Gyaɗi daga ƙauyenmu, ran Lahadi ƙafafuna suka fi kumbura. Tun da sassafe na ɗora tukunya, na yi wa yara wanka, na taya maigida neman hular da take bisa kansa. Daga nan sai mu kama hanyar Sabon Gari, inda cocin yake. A can ni ce shara, ni ce jera benci, ni ce rarrashin 'ya'yan mutane idan sun fara kuka ana wa'azi. In an tashi sujada kuma sai a ce mata su dakata, akwai 'yar sanarwa. Wannan 'yar sanarwar ce take kai mu la'asar.

Sauran kwanakin mako na sana'a ne. Ina da rumfa a bakin titi, ba nisa da asibitin koyarwa, inda nake sayar da kunun gyaɗa da na tsamiya da ruwan zafi ga masu jinya. Mai jinya kuwa ba ya zuwa da fulas kaɗai, da damuwarsa yake zuwa. Kafin ki cika masa fulas ya ba ki labarin ciwon tun daga farkonsa, ya nuna miki hoton mara lafiyar, ya tambaye ki ko kina ganin likitan nan ya san aikinsa. Ina tausayinsu, Allah ya sani. Amma kafin yamma kaina yakan cika taf da ciwon mutane, ga nawa ciwon bayan ba wanda ya tambaya.

A jikin rumfata akwai tashar 'yan adaidaita sahu. Yawancinsu samari ne da suka baro gona suka shigo birni, kuma kowannensu ya yi imani cewa in bai danna oda ba keken ba zai motsa ba. Daga safe har dare kiran fasinja ne, Unguwa Uku, Hotoro, Tarauni, ga musun ƙwallo, ga hayaƙi. Shugabansu wani dattijo ne mutumin wajen Gaya, dogo, mai ƙarancin magana. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka, shi kuma yana ce mini Inna ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba.

Wata Juma'a, rana ta take, ya zo bakin rumfa da dardumarsa a kafaɗa.

"Inna, za mu masallaci. Ga kekunan nan, ki ɗan sa mana ido."

Na ce, "Baba, in ɓarawo ya zo me zan yi masa? In watsa masa kunu?"

Ya ce, "Ai muryarki ma ta isa."

Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Suka jera kekunan a inuwar darbejiya, suka ɗunguma suka tafi. An riga an tare titin saboda sallah, masu jinya sun koma ciki, masu shaguna sun ja ƙofa. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji a unguwar nan ba, wato ƙarar ganye. Daga nesa ana jiyo huɗuba a lasifika, amma ba da ni ake ba, ba kuma wanda yake jiran in amsa.

Bencina katako ne, baya kuma yana ciwo, sai na leƙa keken Baba. Kujerar bayansa ta sha faci, tana warin fetur da turaren ɗan goma, amma ta fi katifata laushi. Na shiga na miƙe ƙafa. Na ce bari in yi addu'a tunda na samu sarari, irin doguwar nan da muke yi a zumunta, wadda ake farawa daga shugabannin ƙasa a gangaro har kan akuyar gida. Na buɗe baki, gajiya ta hana. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ubangiji, ga ni." Na jira sauran maganar ta zo, ba ta zo ba.

Ban san yadda zan bayyana abin da ya biyo baya ba. Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Na dai ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Tun ina yarinya ake gaya mini Yesu yana ba masu gajiya hutu, ni kuma na ɗauka sai an mutu ake karɓa. Ashe ana ba da ɗanɗano tun a nan. Na zauna, shi ma yana nan, ba wanda ya nemi komai a wurin wani. Raina ya kwanta har na ji kunyar yawan daɗin da na ji.

Daga ranar gadi ya zama nawa. Kowace Juma'a Baba zai ce, "Inna, amana," in ce, "A dawo lafiya," in jira su sha kwana, in shige kekensa. Wani lokaci in yi waƙa a zuci, wani lokaci in kai ƙarar maigida, wani lokaci kuwa barci ne zalla. Ban ɗauki barcin laifi ba. Ubangijinmu ma ya yi barci a cikin jirgi ana iska, balle ni da keken nan yake tsaye cik. Ko madubi ba a taɓa sata ba, kuma ba ni ce na hana ba.

Mutanen gidana ne suka fara gane canjin. Yarana suka lura ran Juma'a da yamma ba na faɗa. Sai ya zama duk wanda ya fasa kofi ran Litinin zai ɓoye gutsattsarin, sai Juma'a ya fito da su yana sunkuyar da kai. Maigida ma in zai sanar da ni 'yan'uwansa za su zo daga ƙauye su kwana biyu, irin kwana biyun da yake cinye wata, ran Juma'a yake faɗa. Na gane wayonsu sarai, na ƙyale su.

Haka na yi shekaru ina cin daɗina a ɓoye, har ranar da bakina ya ja mini.

A cocinmu akwai lokacin shaida, inda duk wanda Allah ya yi wa wani alheri yake miƙewa ya faɗa. Wata Lahadi wannan ta ce ta warke, waccan ta ce ɗanta ya samu aiki, ni ina zaune ina fifita da gefen zane. Sai uwar zumunta ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke ban taɓa jin shaidarki ba. Ko Allah bai taɓa yi miki komai ba ne?"

Uwar zumunta, wadda muke kira Mama, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, tana zaune a Tarauni. Mace ce mai jiki da murya, mai kirki ƙwarai, sai dai ba ta da birki. Tun da mijinta ya rasu ta ɗauki zumunta ta ɗora a ka. Ita ta ƙirƙiro ziyarar Talata da koyon waƙar Laraba da azumin Alhamis. In ta ga sarari a mako, sai ta ji kamar ta ga yaro ba riga, dole ta sa masa wani abu.

Maganarta ta sosa mini rai. Na miƙe tsam, na karɓi abin magana, na zayyana komai: inuwar darbejiya, shirun titi, kujerar keke, kwanciyar ran da nake samu. Barcin kawai na tsallake. Jama'a suka ɗauki Halleluya. Na dawo na zauna ina jin kaina, sai na ga idon Mama yana ƙyalli.

Da aka zo 'yar sanarwa ta ce, "Mata, kun ji abin da Ubangiji yake yi a Gyaɗi-Gyaɗi. Bai kamata 'yar'uwarmu ta ci wannan albarka ita kaɗai ba. Juma'a mai zuwa dukanmu a rumfarta. A zo da anko, a zo da kayan kiɗa."

Kayan kiɗan zumunta ba abin wasa ba ne. Akwai tulun da ake bugun bakinsa da soso, akwai kuge, akwai gorar kaɗawa, kuma in matanmu suka haɗa su da murya, ana ji daga unguwa ta uku. Sahun masallacin Juma'a kuwa, in jama'a ta yi yawa, yakan malalo har kusa da tashar. Shekara da shekaru muna zaune lafiya da mutanen nan, suna kawo mini naman layya, ina kai musu shinkafar Kirsimeti. In aka buga kuge liman yana huɗuba, na san Baba ba zai yi mini faɗa ba. Zai dai daina cewa, "Inna, amana." Shi ke nan ɗan hutun da nake da shi a duniya ya tafi.

A tsakiyar mako na je har gidan Mama a Tarauni don in roƙe ta. Na tarar tana guga, waya maƙale a kafaɗa, tana kuma ba wata maƙwabciya umarnin yadda za ta sha magani ta taga. Na ce, "Mama, game da Juma'ar nan..." Ta ce, "Kada ki damu da abinci, kowa zai ci a gida. Ki dai samo tabarmi." Na sake buɗe baki, ta miƙo mini zane in taya ta ninkewa. Na baro gidan ban faɗi komai ba, an kuma ƙara mini aikin tabarmi.

Sai na koma ga addu'a. Na roƙi ruwan sama, alhali bazara ce tsagwaronta. Na roƙi a ɗaura auren wani ranar, ko Mama ta yi baƙi daga nesa. Har mura na roƙa mata, 'yar ƙarama wadda ba ta cutarwa. Ba a amsa ko ɗaya ba.

Ran Juma'a tun kafin a tare titi suka fara sauka, cikin zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya, tulu a ka, kuge a hannu. Musun ƙwallo ya tsaya cak a tasha. Baba ya zo da dardumarsa, ya dubi matan, ya dubi tulun, ya dube ni.

"Inna, biki ake yi?"

"Baƙi na yi, Baba."

Ya nuna titi da hannu. "Sahu fa yakan kawo har bakin kwalbatin can."

"Na sani, Baba."

"To. Amana dai."

Ya tafi, samarin suka bi shi suna waiwaye. Mama ta tafa hannu ta ce a yi da'ira, a fara da waƙar yabo. Mai tulu ta zauna ta gyara shi tsakanin ƙafafunta, ta ɗaga soso. Ban san inda dabarar ta fito ba, ban kuma ce daga sama ta zo ba, don akwai son kai a cikinta.

Na ce, "Mama, dakata. Wurin nan yana da ƙa'ida. Albarkar da na faɗa ba a rumfa take ba, a cikin keke take, kuma mutum ɗaya keke ɗaya. Sannan kekunan nan amana aka bar mana. Mai gadi ba ya waƙa, in yana waƙa ina zai ji takun ɓarawo? In ko madubi ɗaya ya ɓata yau, gobe duk Gyaɗi-Gyaɗi za a ce matan coci aka bar wa."

Wannan ta ƙarshen ce ta kama ta. Mama za ta iya jure komai ban da a taɓa sunan zumunta. Nan da nan ta karɓe ragamar kamar ita ta kawo shawarar. Ta sa aka tura kayan kiɗa ƙarƙashin teburina, ta rarraba mata yadda take rarraba ma'aikata a ɗakin marasa lafiya, ke nan, ke can, kada in ji tari. Da ta gama, ta dubi kekunan da suka rage, ta zaɓi wanda ya fi samun inuwa ta shige. Keken Baba ne. Kekena.

Na koma bencina na katako ina huci. Da farko ana ta 'yan ƙus-ƙus, wata ta leƙo ta tambaye ni da hannu ko har yaushe. Can sai iska ta taso daga wajen darbejiya. Matan nan kuwa duk irina ne, tun asuba suke tsaye, wasu daga aikin kwana suka zo. Na ga kan mai kuge ya fara lilo. Na ga ƙafar ma'ajiyarmu ta zubo waje, takalmi ya faɗi. Wadda take ja mana waƙa, mai muryar da take sa mutane kuka a coci, ta saki wani minshari da ya kori kaza daga ƙarƙashin keken. Kafin a tayar da sallah, rundunar gadin nan kaf ta kwanta.

Ranar ce na fara yin gadi na gaskiya. Na yi ta zagaya kekuna ina gyara wa mutane ɗankwali, ina kora musu ƙuda, ina kuma gaya wa Ubangiji abin da ke raina. Na ce ni na gano wurin, ni na share shekaru ina zuwa, yau ga shi kowa ya samu ban da ni. Sai na tuna da Mama. Na ce in dai na kama ta tana barci da baki buɗe, to na samu abin tsokana har tsufana. Na lallaɓa ta bayan keken Baba, na leƙa.

Ba barci take ba. Tana zaune a miƙe, ta cire ɗankwali ta ajiye a cinya, furfurarta a waje. Hawaye yana bin fuskarta yana ɗiga a kan ankon, ba ta ko share shi. Ban taɓa ganin hannuwan matar nan ba aiki ba sai ranar. Na ja da baya zan gudu, ta gan ni. Ta matsa gefe, ta dafa kujerar. Na shiga na zauna.

Daga nesa muna jin kabbara, sai shiru, sai kabbara. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tun da aka binne maigidana ban yarda na zauna haka ba."

Ta dubi ɗankwalin da ke cinyarta, ta ci gaba.

"Tsoro nake ji. Gani nake in na tsaya, zan tarar ba kowa."

Na ce, "Yanzu fa, Mama?"

Ta ja numfashi. "Ubangiji yana nan. Ni ce na cika masa kunne."

Tausayinta ya kama ni. Na riƙe hannunta, muka ci gaba da zama. Ban yi mata wa'azi ba, ita ma, abin mamaki, ba ta yi mini ba.

Da aka sallame, 'yan adaidaita suka dawo suka tarar da kusan kowane keke da fasinjarsa tana sharar barci. Suka yi cirko-cirko. Wani ya je ya tsaya kan ma'ajiyarmu yana cewa, "Hajiya... Mama... an iso," ita kuwa ta juya masa baya. Wani ya kai hannu zai danna oda, Baba ya harare shi ya janye.

"Ku bar su," in ji Baba. "Duk wanda ya yi irin wannan barci, ya daɗe yana binsa."

Ya zo ya zauna a bencina, samarin suka kewaye rumfa, na zuba musu kunun tsamiya. Fasinjoji suna tsaye a rana suna tambayar ko yajin aiki ake yi. Baba ya kurɓi kunu, ya nuna kekunan da haɓa.

"Inna, waɗannan su ne masu gadin?"

"Su ne, Baba."

"To Allah ya tsare mu da tsarewarsa."

Na ce amin da ƙarfi, don addu'ar ta dace. Daga baya matan suka farka ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana cewa ita addu'a take yi, ido kawai ta rufe. Suka kwashi tulu da kuge ba a buga ko sau ɗaya ba, samarin suka kai su gida a kekunan da suka yi wa gadi.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na san Mama. Abin da ya yi daɗi sau ɗaya, sai ta ba shi suna, ta naɗa masa shugaba, ta sa shi kowane mako. Ran Lahadi da aka zo 'yar sanarwa na zauna a baya ina jiran hukunci. Ta yi maganar ziyara, ta yi ta koyon waƙa, ba ta ambaci Juma'a ba. Mai jan waƙa ta ɗaga hannu ta ce, "Mama, Juma'a fa? Za mu koma?"

Mama ta ce, "Babu shiri ran Juma'a. Kowacce ta nemi inda za ta zauna ita da Ubangijinta." Ta rufe taro. Rana ba ta ko karkata ba muka fito, har maigida ya tambaye ni ko faɗa aka yi.

A bakin ƙofa na ji an riƙe mini gefen zane. Mama ce. Matar da take ba fasto kansa umarni ta tsaya tana murza yatsu.

"Ni kaɗai fa? Zan iya zuwa? Ba zan yi magana ba."

A'a ce ta fara zuwa bakina, ba zan ɓoye ba. Wurin nan shi ne abu ɗaya da ba na rabawa da miji ko 'ya'ya ko masu jinya. Na dube ta, ta sunkuyar da kai tana jira.

Na ce, "Mama, keken Baba nawa ne."

Ta ce, "Na ji."

Tun daga nan take zuwa. Takan sauka kafin a tare titi, ba anko, ba jaka, ta gaishe ni da ka, ta wuce keken da yake can ƙarshen layi. Ta cika alkawari, ba ta magana, ko da yake na sha ganin bakinta yana motsi idan ta ga yadda nake wanke kofuna. In an sallame ta fito ta tafi Tarauni abinta.

Wata Juma'a a damina ta makara. An tare titi, Baba ya ba ni amana, na shiga kekena na miƙe ƙafa, ga iska mai sanyi, ga shiru, duk abin da nake so ya samu. Na rufe ido, ya ƙi rufuwa. Na gyara zama, na sake gwadawa, na ce wa kaina ai dama haka na fi so. Ƙarshe na fito na tsaya a bakin kwalbati ina leƙen hanya, har na hango ta tafe a ƙasa, ta tattare zane tana tsallake taɓo. Sai da ta shige kekenta sannan na koma nawa.